Yatsan Da Na Bari A Ɗakin Meshak

Da yammacin Juma'a na ɗauki sukundireba da burushi da man furosesa, na hau mashin ɗin abokina Eli daga Kafanchan zuwa Madakiya. Hadari ya taso, iska na warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Sunana Yafet. Ban gama makaranta ba, amma duk layin kasuwa babu kwamfutar da ta taɓa ƙin yi mini biyayya. Ban da gyara, ina da wata sana'ar: tsoratar da mutane. Ni ne na ɓoye ƙaramar lasifika a kwamfutar Eli, tana kiran sunansa, har ya kwana uku a gidan fasto. Don haka idan aka ce inji yana da aljanu, dariya nake yi. Yawanci ni ne aljanin.

Anti Hellen ce ta kira ni. Mijinta Meshak mai ɗaukar bidiyon biki ne, ya rasu yana cikin haɗa bidiyon auren 'yarsu Miriyam. Tun ranar biso aka kulle ɗakin aikinsa, domin a gidansu ba a taɓa kayan mamaci sai dangi sun taru sun raba.

"Gobe za su zo," in ji ta a hankali. "Ƙanensa ne zai ɗauki kwamfutan, kuma sayarwa zai yi. Muryan Baban Miriyam yana cikin bidiyon nan, ɗana. Ba ni da shi a wani wuri."

"Anti, kin kira babban likita. Me take yi?"

"Na shiga a ɓoye na kunna. In ya fara haɗa bidiyon, sai ya yi ƙara, ya mutu."

"Zafi ne. Kafin ki dafa shayi na gama."

Eli ya ce zai jira a waje, shi ba ya shiga ɗakin matattu. Na ce masa matsoraci.

Ɗakin yana warin rima da man zafin da marigayi ke shafawa. Rigar Meshak na rataye a bayan kujera. Na buɗe cikin kwamfutar, na tarar zanzaro ya gina gidan laka a jikin fanka, ƙura kuma ta toshe ƙarfen sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin. Na kankare, na goge, na hura. Na kunna, na sa ta haɗa bidiyon.

Fanka ta yi gurnani. Aiki ya kai rabi. Allo ya yi baƙi.

Na yi tsaki. Faifan ajiya ya yi wani ƙas-ƙas da ban so ba. In ta ci gaba da mutuwa haka, faifan zai lalace, muryar ta tafi.

Na shiga saitin bayos, inda ake tsara yadda inji zai yi aiki, nan na kama ɓarawon. Marigayi ya ƙara wa furosesa gudu fiye da ƙarfinta, kamar a ɗora wa keke injin tirela.

"Haka yake," in ji Anti daga bakin ƙofa. "Bai iya jira ba. Ko addu'an abinci, kafin a ce amin ya kai loma."

Na mayar da gudun yadda kamfani ya sa. Na adana. Na sake kunnawa.

Ta sake mutuwa a rabi.

Na koma bayos. Gudun ya koma sama, daidai inda Meshak ya bar shi.

Na rage. Ya koma. Na rage ina zagi. Ya koma. Na cire ƙaramin batirin da ke cikin kwamfutar, wanda ke riƙe saiti. Ko yaron da ya fara koyo jiya ya san in ka cire shi, inji yakan manta komai.

Wannan bai manta ba.

"Eli!" na ɗaga murya. "In ramuwa kake yi, ka yi ƙarya!"

Anti ta leƙa waje. "Yana can bakin hanya yana cin masara."

Raina ya ɓaci. Ni Yafet, tsohuwar kwamfuta ta mai da ni abin wasa? Na zare wayarta daga soket. Na kwance ƙarfen sanyaya gaba ɗaya don in canza man da ya bushe. Furosesa ta fito tsirara, 'yar murabba'i mai sheƙi.

Sai aka ɗauke wuta.

Ruwa ya fara dukan kwano. Anti ta tafi neman tocila.

Kujerar da ke bayana ta yi ƙara, irin ta wanda ya zauna.

Warin man zafi ya ƙaru.

Allo ya kawo haske.

Na dubi wayar wutar. Tana ƙasa, kusa da ƙafata.

Bidiyon ya fara haɗuwa da kansa. Babu fanka. Babu ƙarfen sanyaya. Furosesa tsirara ba ta minti ɗaya a haka. Na ji ƙaurin roba.

Na yunƙura zan tashi.

Wani hannu ya kama wuyan hannuna. Sanyi kamar randa. Ya ja babban yatsana, ya danna shi a kan furosesar.

"Riƙe," aka raɗa a kunnena. "Saura kaɗan."

Zafin ya shiga yatsana, ya hau hannu, ya cika ƙirji.

Aiki ya wuce rabi.

Na ji ƙaurin nama. Nawa.

"Yesu," na ce a zuci. "Yesu."

"Riƙe mana!"

Gumi na zuba a idona. Layin da ke nuna ci gaban aiki a allo yana rarrafe. Yana rarrafe.

Ya cika.

Hannun ya sake ni. Allo ya mutu. Na bangaje Anti da tocilarta a ƙofa, na faɗa cikin ruwan sama, na tsoma hannu a kwata. Har yau ina rantsuwa ruwan ya yi cuu.

Da safe Miriyam ta cire faifan kafin dangi su iso. Bidiyon yana ciki, cikakke. Furosesa kuwa ta ƙone ƙurmus.

Abin da ya fi ba ni haushi, babu wanda ya yarda. Eli ya yi dariya har ya faɗi daga benci. "Kai da lasifikanka! Wannan karon nawa ka saya?" Na nuna masa yatsana, tabo mai kusurwa huɗu, zanen fata ya shafe, wayata ma ta daina gane ni. Ya ce dutsen guga ne.

Yanzu ba na taɓa kayan mamaci sai na ga dangi da fasto a zaune.

Bayan mako biyu Anti Hellen ta sa ni dole na kalli bidiyon. Amarya, 'yan kwaya na coci, rawa, Meshak a bayan kyamara yana ta ce wa mutane su yi sauri. A ƙarshe hoto ya ɗauke, ya rage baƙin allo da ƙarar ruwa a kan kwano.

"A rani fa aka yi bikin nan," in ji Anti.

Sai muryar ta fito, kusa, a gajiye.

"Yawwa, Yafet. Cire hannunka."