Tagar da Mista Daniel Ya Toshe

Har yau in na tuna Mista Daniel, mai makarantar da nake koyar da kimiyya a Sabon Gari, raina ɓaci yake. Taga ɗaya tal ke ɗakin gwaje-gwajenmu, ya sa aka toshe ta da bulo don ya rataya allon talla. Baba maigadi ya ce masa ginin a kan tsohuwar rijiya yake, masu wurin ta tagar nan suke shan iska. Ya yi dariya, ya ce tsufa ne.

Ranar Laraba, gab da magariba, muka shiga ni da Chidinma, malamar lissafi, don in gwada kayan jarrabawar gobe. Tana da asma, amma ta ce ba za ta bar ni ni kaɗai ba, tare za mu hau adaidaita zuwa Fagge. Babu wutar lantarki. Na kunna murhun gas ina ta mita.

Aikin ba wuya. Duk abin da ya ci wuta, oksijin ɗin da ke cikin iska yake haɗuwa da shi. Na ƙona garin farar wuta, ya ci da shuɗin harshe, warinsa ya cika hanci. Na kara soson ƙarfe a wuta, ya yi tartsatsi. Saura zaren maganisiyam, siririn ƙarfe mai kama da azurfa. Shi ne nake yi wa ɗalibai kashedi a kansa kullum: in ya kama, kada wanda ya kalle shi.

Na ɗauke shi da awartaki ke nan, ƙofa ta rufe. A hankali, ba ƙara.

Harshen murhun ya fara ƙanƙancewa. Gas na nan, ina jin hucinsa. Iskar ɗakin ce ke ƙarewa.

"Malama Surayya," in ji Chidinma cikin raɗa, "wa ke numfashi a bayana?"

Na ji shi. Jan numfashi ne kawai, dogo, babu fitarwa. Kuma ba baki ɗaya ba ne. Warin tsohon ruwa ya danne na farar wuta.

Chidinma ta zube. Ƙirjinta na kuka kamar an taka 'yar kyanwa. Na laluba ban same ta ba, ƙofar ma ta ɓace mini.

Wutar ta koma kamar ƙwayar gero.

Tsoro ya kama ni, amma wallahi haushi ya fi. A kan allon talla baiwar Allah za ta mutu? Na yi bismilla na cusa zaren cikin ɗigon wutar. Maganisiyam mayunwaci ne, ko inda kyandir ya mutu shi sai ya ƙwaci rabonsa.

Ya kama. Haske fari fat.

Na kalla.

Suna zaune a kan bencin ɗalibai, sahu-sahu, jiƙe sharkaf. Ba su da idanu. Bakunansu a buɗe.

Ɗaya ya durƙusa a kan Chidinma, bakinsa daf da nata.

"Sake ta!" na ce. "Ba ita ta toshe ba!"

Hasken ya sa suka sunkuyar da kai. Na cafki ƙafarta na ja, na banki ƙofa da kafaɗa. Zaren ya zama farin toka daidai lokacin da muka faɗa waje, ana kiran salla.

A daren na karɓi gatari wurin Baba maigadi na fasa bulon nan da hannuna. Da safe Mista Daniel ya kore ni, wai na lalata masa gini. Ko a jikina.

Chidinma ta kwana uku a asibiti, aka ce ta warke sarai, asmar ma ta tafi. Na je gaishe ta a gida, ta tashi za ta dafa mini shayi. Ta ƙyasta ashana, ashanar ta mutu. Ta sake, ta mutu. Labule ko motsi ba ya yi.

"Ashanar yanzu ba ta da kyau," ta ce tana murmushi.

Na zuba wa ƙirjinta ido ina jira ta fitar da numfashi. Har na tashi tafiya, ja kawai take yi.