Sai Kin Zo

Ruwan alwala kawai Zinatu ta je nema, ba wani abu ba. Rana ta yi ja tana shirin faɗawa bayan tsaunuka, su kuwa suna can bayan gari tsakiyar gonakin zaitun, kuma gorar ruwan da ke cikin motar haya mijinta Nuruddeen ya juye ta kaf a tasa alwalar. Ka san halin maza. Sai da ya wanke ƙafa har ƙauri sannan ya tuna ba shi kaɗai ne mai salla a ƙasar Portugal ba.

Shi ya kawo shawarar tafiyar. A Peckham suke zaune cikin Landan, ita tana ba da magani a wani asibiti, shi yana koyarwa. Sun daɗe da aure babu haihuwa, har dangi sun gaji da tambaya sun koma kallo. Kwatsam sai Allah ya kawo. Cikin ƙarami ne, ko riga bai ɗaga ba, kuma ban da likita da Nuruddeen babu wanda ya sani, don Zinatu ta ce ko mahaifiyarta ba za ta ji ba sai ya yi ƙwari. Tsoron baki take yi, kuma wanda ya san irin jiran da ta yi ba zai ga laifinta ba.

"Na yi mana booking a wani ɗan gari a kan dutse," in ji shi. "Ba jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba hayaniya. Ki samu ki huta."

Garin kuwa shirunsa har ya yi yawa. Fararen gidaje a kan tudu, ƙofofi a rufe, tsofaffi a kan benci suna bin baƙo da ido har ya sha kwana. Matasa duk sun tafi birni. Yinin ranar yawo suka yi a karkara, suna wuce itatuwan da aka saɓule wa ɓawo, jikinsu ja wur kamar an feɗe rago, har magariba ta riske su a bakin hanya.

"Ga hayaƙi can a kwari," Zinatu ta ce. "Bari in roƙo ruwa."

"Ki yi taimama mana."

"Ga ruwa a kusa? Ta da sallarka, yanzu zan dawo."

Ta bi wata siririyar hanya ta gangara. Daga nesa tana jin ƙararrawar wuyan tumaki, gyare na kuka a cikin ciyawa. Da ta ƙara gaba sai iska ta canza, ta yi sanyi, ta zo da warin danshi da na ɓauren da ya zube ya ruɓe. Ba ta lura da lokacin da gyaren ya yi shiru ba.

Gidan na dutse ne, rabin rufinsa ya rufta. A ƙofarsa akwai ƙatuwar bishiyar ɓaure, a gindinta rijiya. Zinatu ta tsaya, kuma da yake tarbiyya ba ta san iyakar ƙasa ba, bakinta ya riga tunaninta.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Lale, lale da baƙuwa."

Da Hausa. Hausa tsantsa, irin ta tsofaffin ƙauye.

A nan ya kamata ta juya. Amma duk wanda ya daɗe a Turai ya san yadda harshen gida ke yi wa mutum in ya ji shi inda bai zata ba. Daɗi ne ya rufe ta, har ƙwalla ta taru mata.

Wata tsohuwa ce zaune a bakin rijiyar, tana taje farin gashi jiƙaƙƙe wanda ya sauko ya rufe mata fuska. Ta tura wa Zinatu tulu da ƙafa. Ruwan sanyi ƙarara, har haƙora suna amsawa. Zinatu ta durƙusa ta gaishe ta yadda ake gai da manya, ta yi alwala, sannan ta ce, "Iya, me ya kawo ki nan? 'Yar ina ce ke?"

"Mun daɗe a nan," tsohuwar ta ce a hankali, matajin bai tsaya ba. "Da can ana kiran salla a kan dutsen nan. Masu yi suka tafi suka bar mu. Tun daga nan ba wanda ya ƙara yi mana sallama, sai ke."

Tausayi ya kama Zinatu. Tsohuwa ita kaɗai, a kango, ba ɗa ba jika.

"Bari in taka miki," in ji tsohuwar.

Zinatu na gaba, ita tana baya. Hanyar ta yi duhu. Takun da ke bin ta ba irin na mutum a busasshiyar ƙasa ba ne, wani caɓal caɓal yake yi kamar mai tafiya a taɓo. Ta ce a ranta ai ruwan rijiya ne ya jiƙa mata ƙafa.

Da suka zo wani rusasshen shinge sai ta yi abin da kowace 'yar mutunci ke yi in an rako ta.

"Iya, rakiyar ta isa haka, ki koma. Na gode, Allah ya saka. Mu ma sai kin zo. A Landan muke, gidanmu gidanki ne."

Takun ya tsaya cak.

Babu ƙararrawa. Babu iska. Ganye ko ɗaya ba ya motsi.

"Kin gayyace ni," muryar ta ce, a daidai kunnenta, numfashin sanyi kamar daga cikin randa. "Zan zo. Ranar suna zan zo."

Ranar suna.

Zinatu kuwa ba ta ce mata tana da ciki ba. Ta waiwaya.

Tsohuwar ba ta kusa da ita. Tana can nesa, a bakin rijiyar, inda ta same ta. Ba ta tashi ba. Hannunta ne ya biyo hanyar, dogo, siriri, yana jan ƙasa yana ɗigar ruwa.

Tafin ya ɗago. Ya kwanta a kan cikin Zinatu.

Sanyin ya ratsa riga, ya ratsa fata.

"Mace ce," aka raɗa mata.

Ta buɗe baki za ta yi Ayatul Kursiyyu, harshe ya yi nauyi. Ko harafi bai fita ba. Ta ji yatsun suna matsawa a hankali, kamar mai duba nunar gwanda.

Sai daga can sama muryar Nuruddeen ta gangaro, ya ta da magariba yana karanta Fatiha a bayyane. Yatsun suka saki. Hannun ya ja da baya cikin ciyawa, suu.

Ta ruga. Takalmi ɗaya ya fita, ba ta tsaya ba. Ƙaya ta yage mata mayafi. Da Nuruddeen ya sallame, a bayan mota ya same ta a ƙudundune, ta rungume cikinta da hannu biyu, a kan rigar ga shatin tafi jiƙaƙƙe. Ya leƙa kwarin. Babu hayaƙi. Washegari suka canza tikiti suka dawo Landan.

Cikin bai samu komai ba. Ta haihu lafiya, mace, aka sa mata Ummi. Amma tun kafin sunan Zinatu ta sa Nuruddeen ya yi alkawarin shi zai tsare ƙofa, kada a amsa sallamar wanda ba a ga fuskarsa ba. Ba su gaya wa kowa dalili ba, don wa zai yarda? Ya cika alkawari, yini guda yana tsaye, flat ɗin cike da mata da ƙamshin turare. Da yamma taro ya watse, ya fita raka abokansa su hau bas a Rye Lane. Zinatu ta sauke ajiyar zuciya, ta miƙa jaririyar ga Gwaggo Zarah, ƙanwar mahaifinsa da ta zo daga Croydon, ta shiga wanka.

Da ta fito, warin ne ya fara tarar ta. Danshi da ruɓaɓɓen ɓaure. Kafet ɗin ya jiƙe daga bakin ƙofa har gaban kujera.

"Yanzun nan baƙuwarki ta fita," Gwaggo ta ce tana jijjiga Ummi. "Ta yi ta sallama, na ce wane irin gida ne za a bar tsohuwa a tsaye? Na ce ta shigo. Baiwar Allah, har ta ɗauki yarinyar ta sa mata albarka."

Zinatu ta fizge 'yarta. Tana numfashi. Tana barci. Gashin kanta kawai ne a jiƙe.

"Me ta ce, Gwaggo?"

"Cewa ta yi ita ta sauke nata, saura ku. Zumunta a ƙafa take. In yarinya ta fara tafiya ba sai kun wahala kun kai mata ita ba, da kanta za ta je, ai ta riga ta nuna mata hanya." Gwaggo ta yi dariya. "Tsofaffi da barkwanci."

Sun bar flat ɗin. Sun kai Ummi wurin malamai, an yi ruƙiyya, an yi sadaka, kuma yarinya tana girma lafiya lau, ga fara'a. Zinatu kuwa ta zama abin magana a cikin matan Peckham: ba ta amsa sallama sai ta leƙa, in ta je gidan mutane ba ta cewa sai kun zo, kuma kullum 'yarta na goye a bayanta, ta ƙi ta bar ta a ƙasa. Suna cewa son 'yar fari ne ya yi mata yawa.

Ran nan da magariba ta kwance goyon don ta yi salla. Tana sujada ta ji Nuruddeen, wanda ya manta kansa don murna, yana tafi yana cewa, "Zinatu, duba, ta miƙe."

Ta sallame ta juya. Ummi na tsaye ba ta riƙe komai ba, ta ba ubanta baya, fuskarta na kallon ƙofa. Ta ɗaga ƙafa.