Gyaran da Aka Kawo wa Barira

Ku matso kusa. Ku rage murya, kada Inna ta ji ta kore mu.

Barira ta gidan Kawu Sale, aikinta haɗa manhaja, irin wadda ba sai an sauke ba, kana buɗe burauza a wayarka ta kama aiki. Bara wani asibitin haihuwa ya ba kamfaninsu aikin shafin da masu ciki za su riƙa sa suna su karɓi ranar awo. Wata uku tana fama da shi. Aka ce ranar Laraba a ɗora shi a intanet, safiyar Alhamis mata su fara shiga.

Tun la'asar abokan aikinta suka watse. Ita ta tsaya kan wani maɓalli da ya ƙi dannuwa a ƙananan wayoyi. Ofishin a hawa na uku yake, bayan tsohuwar mayanka. Magariba ta yi, ta wuce.

Wari ne ya fara isowa. Irin na naman da ya kwana uku a ƙulle cikin leda. Ta ce ko ɓera ne ya mutu a rufi. Ta leƙa kwandon shara, ba komai. Tana ɗagowa ta ga mutum zaune a kujerar gefenta. Ba ta ji motsin ƙofa ba.

Farin kaftani, ya sha guga. Fuska kamar ta kowa. Sai dai ƙudaje uku na zaune a gefen bakinsa, kuma bai kore su ba.

"Sannu da aiki, Malama."

Sai da leɓensa ya tsaya sannan muryar ta fito, cike da majina.

"An tashi," ta ce. "Wa kake nema?"

"Ke. Daga asibiti nake. Ɗan gyara ne."

"Wane gyara?"

"Gurbi ɗaya za ki ƙara. Sunan mahaifiyar mai ciki."

"A yi me da shi?"

"Da shi ake kiran mutum ya amsa."

Ta ja mayafi ta toshe hanci. "Ka dawo gobe ka ga Oga."

"Ba sai gobe ba. Abu ne ƙarami. Ba ma a wajenku zai zauna ba. A wayar kowace mace zai zauna, a hannunta, ya kwana ƙarƙashin filonta."

Ya miƙa hannu ya jawo madannan kwamfutarta. Yatsunsa dogaye, faratan baƙi ƙirin. Duk harafin da ya taɓa sai ya bar yauƙi a kai, yana ja kamar miyar kuɓewa. Can wasu fararen tsutsotsi suka soma fitowa ta tsakanin haruffan, suna birgima a kan teburin, har ɗaya ta faɗa cikin kofin shayinta. Barira ta so ta yi ihu. Tana buɗe baki warin ya shige mata har maƙogwaro.

Shafin ya buɗe da kansa. Sunaye suka soma jeruwa, alhali ba wadda ta yi rajista tukuna. Kowane da sunan uwa a gefe. Na bakwai, Zulaihat 'yar Hajiya Kande. Yayar Barira ce, uwa ɗaya uba ɗaya, cikinta wata takwas.

"Saura a tura," in ji shi. Ya danna.

Layin turawa ya fara cika. Kashi ashirin. Talatin da biyar.

Ta durƙusa ƙarƙashin tebur, amai ya ƙwace mata. A nan ta ga ƙafafunsa. Ba takalmi. Diddige a gaba, yatsu a baya, fatar ta kumbura ta tsage, wani ruwa na tsiyaya a kan tayil.

Kusa da su, soket ɗin na'urar intanet yake.

Dole hannunta ya bi ta jikin ƙafar. Ta rufe ido, ta kama Ayatul Kursiyyu, ta miƙa. Sanyi, laushi, kamar ta tsoma hannu a ruɓaɓɓiyar gwanda. Ta fizge wayar na'urar daga soket ɗin.

Ya yi wani gurnani a samanta. Ba ta ɗago ba. Da rarrafe ta kai ƙofa, ta sauka hawa ukun ba takalmi, ba jaka.

Da safe ta dawo da Oga da mutum biyu. Kujera wayam. Layin ya tsaya a casa'in da shida. Oga ya kira asibiti, suka ce ba su aiko kowa ba. Barira ta goge duk abin da aka rubuta a daren, ta koma kan kwafin Litinin, ta bi shi layi-layi kwana biyu kafin ta yarda a ɗora. Madannan kuwa, a bola ta zuba musu kananzir ta cinna wuta.

Zulaihat ta sauka lafiya, ɗa namiji. Ran suna kowa na ɗaukar jariri, Barira da hannun hagu kawai ta shafa kansa. Har yau na daman, in ta kai shi hanci, sai ta tofar da yawu.

Saboda haka in aiki ya riƙe ku har kowa ya tafi, ku rufe kwamfuta ku bi su. In kuma kun ji wari ba ku ga mushe ba, kada ku tsaya nemansa.