Ƙofar da Ta Zama Benci

A wani zamani, a wani gari mai hayaƙi, an yi wani saurayi da kullum yake tsayawa bakin masana'antar auduga, inda ake kulle ma'aikata, yana ihu, "A buɗe ƙofa!" Har kurkuku ya sha.

Da ya yi furfura ya zama fasto, muryarsa ta yi sanyi.

Wata Lahadi ma'aikatan suka zo ibada, auduga duk a gashinsu. Mai masana'antar ya ce, "Fasto, a rufe ƙofa. Za su ɓata kujeru."

Fasto ya dafa ƙofar, ya ji wata murya daga nesa kamar a mafarki, "A buɗe ƙofa!"

Ya juya ga ma'aikatan ya ce, "'Yan'uwa, ku kama mini."

Suka cire ta, suka ɗora kan duwatsu a sahun gaba, suka zauna. Auduga tana ta yawo cikin hasken safiya.