Ruwan Hawa na Uku

Aiki ne ya kai shi hawa na uku ranar da ya fara ganinta. Ofishinsu na bin gida-gida yana auna ƙarancin ruwa, layin da ya fi shan wuya shi za a fara ja wa famfo. Autar gidan ce ta buɗe ƙofa, almakashin ɗinki a hannunta.

Mahaifinta, tsohon malamin makaranta, ya sa aka kawo wa baƙo ruwa. Ya shanye tas.

"Baba, a watan nan kun taɓa kwana da ƙishi?"

"Allah ya kiyaye."

"Wanki ya taɓa tsayawa?"

"Ka ga datti a jikina?"

Maƙwabta duk bakin tsohon suke bi. Layin ya faɗa cikin masu wadata.

Washegari saƙon autar ya shigo masa a waya: "Malam Mai Tambaya, ruwan da ka shanye na shan maganin Mama ne. Sannu da ƙoƙari."

"Auta, me ya hana ki faɗa?"

"Ka tambaye ni? Maigida kuke tambaya, shi kuwa bai taɓa ɗaga jarka ba."

Daga nan ya koma zuwa kullum bayan tashi aiki, yana taya ta hawa da jarkoki. Abin da maza ke yi ke nan kafin aure. Shi dai har yanzu bai daina ba.

"Ni kake so, ko kuskurenka kake gyarawa?" ta tambaye shi a kan bene.

"Kuskuren zai gyaru in Baba ya sauya amsa. Ke kuwa, Autata, ko famfo ya zo ina nan."

Da ya nemi aurenta, Baba ya ce sam. Akwai wani mai tankar ruwa da ke nemanta, mutum mai rufin asiri, ba yaron da zai rubuta tsiraicin gidansa ya kai ofis ba.

"Jarka ɗaya ce ake wa wannan surutun?" in ji shi. Ya sauka da kansa don ya hauro da ita cike da ruwa, ya nuna musu.

A hawa na biyu ya zauna, numfashi na fita da ƙyar. Matarsa ta sauko tana dafa bango, ta ɗauke jarkar ta wuce. Ya bi bayanta da kallo, bayan da ya daɗe da ranƙwafewa.

"Kai, yaro. Kawo tambayoyin nan. Uwarta za ka tambaya, ni in sa hannu."

Maƙwabta suka bi sahu, layin ya koma kan gaba. Ranar ɗaurin aure sai da 'yan biki suka tsallake ramin bututu kafin su shiga gida.

Tsohon ya dafa kan amarya da na ango. "Allah ya ba ku zaman lafiya. In kuma babu, ku buɗe baki ku faɗa."