Binciken Baffa Zakari

Ranar da magabatan Jabir suka kawo goron neman aurenta, Raliya ta zuba wa miya gishiri sau biyu.

"Ke ɗiyag ga!" in ji Inna bayan ta ɗanɗana. "Aure za a yi miki ko kashe mu za ki yi?"

Raliya ta rufe fuska da gyale ta ruga ɗaki, ta faɗa kan katifa tana dariya ita kaɗai. Jabir fa! Jabir ɗan Malam Uzair, wanda ya karanta kimiyyar kwamfuta a Sakkwato, ya ƙi zaman birni ya dawo Illela. Daga ɗakinsa yake wa wani kamfani na Legas aikin haɗa manhajar asibitoci. In ya gaji ya hau soro wurin tantabarunsa. Ranar Asabar kuma ya ɗora laftof bayan babur ya nufi Kalmalo, inda yake koya wa mata amfani da waya kyauta.

Saura abu guda: bincike. Mahaifinta Alhaji Almu, ɗan kasuwar albasa tsakanin Illela da Ƙonni ta Nijar, ya ɗora wa ƙanensa Zakari wannan nauyi. Baffa Zakari mutum ne mai himma. Ya gudanar da binciken gaba ɗaya a kan bencin mai shayin da ke fuskantar gidan su Jabir, bai tashi ba sai da madara ta ƙare.

"Yaya, akwai matsala," ya ce da ya dawo. Raliya na bayan labule. "Yaron ga ba shi da shago, ba shi da ofis, ba a taɓa ganinai kasuwa ba. Wuni yakai ɗaki da igiya a kunne shina turanci shi kaɗai. Sannan ya hau soro ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa! Amma baburnai sabo na. Mi ke nan?"

Alhaji ya ajiye carbi. "Ɗan damfara?"

"Ni ban ce ba. Mai shayi yac ce."

"To, Jumma'a bayan masallaci zan mayar musu da goronsu."

Raliya ta faɗo tsakar ɗakin ta durƙusa. "Baba, wallahi aiki yake! Mitin yake yi ta intanet! Soron kuwa sabis yake nema, in sabis ɗin Ƙonni ya kama waya sai an hau sama! Yana da takardun digiri, sai ya kawo..."

"Takarda?" Alhaji ya kalle ta da tausayi. "Ba mai kwamfuta ba ne? Ko ta gwamna ya so bugawa yakai."

Ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Da ta kira Jabir, ta zaci zai tayar da hankali, sai ta ji ya ce, "Kada ki ja da Baba, Raliya. Tsoron miƙa 'yarsa ga ɓarawo yake, ai ba laifi ba ne. Mu yi haƙuri."

"Haƙuri? Jibi ne fa!"

"Na sani. Ni ma tun ɗazu ban iya rubuta layi ɗaya ba."

Ranar Jumma'a da hantsi Gwaggo Kaltume, yayar Alhaji, ta iso, domin ba a mayar da goro ba tare da saninta ba. Tsohuwa ce da kowace Asabar take tafiya Kalmalo sayen kifi, ta kuma dawo babu kifin, babu wanda ya taɓa samun ƙarfin halin tambaya.

Ta saurari Zakari har ƙarshe. "Wane yaro na wai?"

"Jabir, ɗan Malam Uzair."

"Malaminmu?!"

Gwaggo ta ja tsaki, ta kwance bakin zane ta fito da waya. Ta latsa, ta shafa, sai ga fuskar ɗanta Sufyanu daga Agadas yana cewa, "Inna, lafiya? Kawu Almu, ina kwana!"

Alhaji ya ja da baya kaɗan, saboda ladabi.

"Kifin da nike sayowa ke nan," in ji Gwaggo bayan ta kashe. "Kunya ta hana ni faɗi, tsohuwa mai jikoki zaune a aji. Yaron ga shi ya koya muna. Shi ya hana mu ba kowa lambar sirrin banki, ko da mai kiran ya rantse da Alƙur'ani. Ɓarawo na gina wa mutane katanga, Almu?"

Raliya ta dafe ƙirji. "Gwaggo! Ya san ke gwaggona ce?"

"Tun ran farko. Na ce kada ya faɗi ma kowa, bai kuwa faɗi ba. Ana shirin raba shi da ke, kalma ɗaya ta ishe shi, ya riƙe min amana." Ta juya ga ƙanenta. "In ba ka so nai, ni ina da jikoki mata."

Alhaji ya harari ƙanensa. "Zakari, wanga bincike naka..."

"Ni dai na gan shi saman soro," in ji Baffa Zakari.

Alhaji ya ce, "A bar goro inda yake. A sa rana!"

Inna ta rangaɗa guɗa, Raliya ta rungume Gwaggo har ɗankwalin tsohuwa ya faɗi.

An ɗaura aure bayan Babbar Sallah, an saki tantabaru, Baffa Zakari ya fi kowa cin nama. Yanzu shi ma yakan je Kalmalo ranar Asabar, wai sayen kifi.

Mai haƙuri da riƙon amana ba ya taɓewa, ko da shaidarsa ta makara. Wanda kuma aka aika binciken ɗan mutane, ya daure ya tashi daga bencin mai shayi.