Tafintan Hajiya Abibatu

Ni dai ban taɓa kai rabin fim ɗin Koriya ba, barci ke kwashe ni baki buɗe. Amma na ga auren da irin fim ɗin ya ƙulla a unguwar Maamobi, kuma daga unguwar Kawukudi abin ya faro.

A can Nasrullahi yake da ɗan kes, wato ƙaramin shago, na gyaran waya. Wata rana Zakiya ta kawo tata, fuskar a fashe, ta ce ya taimaka ya yi sauri, a fim ɗin da take kallo ta tsaya daidai inda uwar masu kuɗi za ta kori ɗan mai sayar da kifi.

"Ke ma kina kallonsa?" in ji shi.

"Wa ba ya kallo? Gyara mini kawai."

Aikin shan shayi ne, amma sai da ya ja shi har la'asar. Da ta isa gida ta tarar da saƙo: "Na gyara fuskar wayarki, taki fuskar kuma ta ɓata mini lissafi."

Ta amsa: "Wannan a wane fim ka sato?"

Kafin azumi ya zo, ta koma Zakina, shi kuma Nas.

Matsalar ita ce Hajiya Abibatu, mahaifiyarta, dilar albasa a Kasuwar Malam Atta, mai bene hawa biyu. Ita ta riga ta ajiye wa 'yarta Awal, wanda ya dawo daga Italiya da mota da agogo mai nauyi.

"Mai gyaran waya?" ta ce. "Kes ɗin da ko sujada zai yi sai ƙafafunsa sun fito waje?"

Sai dai Hajiya ma fim ɗin ya kama ta, ga shi ba ta karanta Turancin da ake rubutawa a ƙasa. Zakiya ke fassara mata, amma da an zo wurin tausayi sai ta fashe da kuka, fassara ta tsaya. Ita ta kawo shawarar a kira Nas.

"Ya zo," in ji Hajiya. "Tafinta na ce, ban ce suruki ba."

Haka ya riƙa zuwa duk Lahadi, ya zauna a ƙasa kusa da talabijin yana fassara tsakani da Allah. Har ranar da ɗan mai kifi ya durƙusa gaban uwar masu kuɗi. Abin da aka rubuta shi ne zai bar garin. Nasrullahi ya juyo wajen Hajiya.

"Mma, cewa ya yi: ba ni da bene, amma ina da sana'a a hannuna. Ban taɓa cin haƙƙin kowa ba. In kika ba ni ita, duk abin da na samu ita za ta fara ci."

Hajiya ta dube shi. "Duk wannan? Na ga bakinsa ko motsin kirki bai yi ba."

"Yaren nasu a dunƙule yake, Mma."

Yana fita saƙon Zakiya ya same shi: "Nas, ƙarya ka yi wa Mma. In ta gane mun ƙare."

Ya rubuta: "Zakina, ban yi ƙarya ba ko ɗaya. Bakin kawai na ara."

Ba ta amsa ba har mako ya zagayo.

Lahadin da ta biyo Awal ya zo gaisuwa, Hajiya ta ce a maimaita mata wurin nan. Nasrullahi ya maimaita. Awal ya yi dariya.

"Mma, wannan yaron wasa yake miki da hankali. Mutumin cewa ya yi zai bar gari, shi ke nan."

Zakiya ta sunkuyar da kai.

"Haka ne?" Hajiya ta tambaya.

"Haka ne, Mma. Maganar tawa ce. Na rasa ƙofar da zan bi in faɗa miki."

Hajiya ta kashe talabijin, abin da ba ta yi ko kiran kasuwa ya shigo.

"To shi na Koriya ya gudu. Kai fa, in na kore ka?"

"Zan dawo Lahadi, Mma."

Ta juya ga Awal. "Kai kuma tun dawowarka, kawunka ke yi mini magana, motarka ke yi mini gaisuwa. Ban taɓa jin abin da ke bakinka ba sai yau, shi ma tonon asiri ne." Ta gyara mayafi. "Nasrullahi, ka turo manyanka da goro."

Bayan babbar sallah aka ɗaura aure. Rumfa ta toshe lungun, masu tasi suna ta zagi, aka ci shinkafa da wake da tuwo har aka bar saura. Hajiya ta riƙe hannun amarya da ango ta ce Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo masu albarka, sannan ta ƙara da cewa Lahadi tana nan yadda take.

Ashe Hajiya Abibatu ta riga ta kalli fim ɗin kaf tun bara a gidan maƙwabciyarta Mariatu, an juya shi zuwa Twi, yaren da take ji sarai.